Wayar Jin Waƙa da Karatu Mai Sauƙin Kuɗi: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Ina riƙe da shagon caji da turi a wani ƙauye da ke kan hanyar Wudil zuwa Gaya. Kusan duk wayar da ke garinmu ta taɓa kwana a kan teburina, don haka na san wadda ke riƙe caji da wadda ke dawowa kullum, na san wadda sifikarta ke fashewa tun ba a je ko'ina ba. Da an sayar da amfanin gona ko an ɗauki adashe, sai mutane su fara zuwa da tambaya iri ɗaya: wace waya zan saya da ɗan kuɗin nan, wadda zan riƙa jin waƙa da karatu da rediyo a cikinta? Ga amsoshin da nake ba su.

Ƙaramar waya mai madannai ko babba ta shafawa, wacce ta fi dacewa da jin waƙa?

In dai sauraro ne babban abin da kake so, kuma garinku wuta ba ta zama ko ma babu ita sam, ƙaramar nake ba da shawara. Dalilin a fili yake. Babbar waya sikirinta ne ke shanye caji, ga manhajojin da ke aiki a ɓoye ko ba ka taɓa ta ba. Ƙaramar kuwa da ka kunna waƙa ka jefa ta aljihu, hasken ya mutu, abin da take ci kaɗan ne. Ga ta da jure wahala: ta faɗo daga kan amalanke, murfi ya yi gabas batir ya yi yamma, ka tattara ka haɗa ta ci gaba da aiki. Babbar in ta faɗi haka, kuɗin canjin gilashinta kaɗai zai iya saya maka ƙaramar sabuwa.

Babbar tana da nata amfanin, ba na musun wannan. Wanda ke son WhatsApp, ko kallon bidiyo, ko sauko da waƙa da kansa daga intanet, ita ce tasa, kuma na yi bayaninta a amsar da ke magana kan babbar waya a ƙasa. Abin da ba na so shi ne mutum ya ƙarar da kuɗinsa kaf a kan babbar waya mafi araha, ya rasa na memori da na data, ya dawo yana ba ni caji safe da yamma.

Me zan fara dubawa kafin in miƙa kuɗi?

Buɗe murfin baya tukuna. Ka nemi ramin memori, wanda yake daban da ramin layi. Ka ɗaga batir ka karanta lambar da aka rubuta a jikinsa. Sannan ka juya wayar ka ga ko tana da ramin iyafis mai zagaye irin wanda kowa ya sani, domin akwai ƙananan wayoyin da ta ramin caji ake sa musu iyafis, kuma irin nasu yana wahalar samu in ya lalace. Daga nan sai sauti. Ka tafi kasuwa da memorinka a aljihu, mai ɗauke da waƙar da kunnenka ya saba da ita, ka ce a sa maka. Gani ya kori ji, a nan kuma ji ne ya kori abin da aka rubuta a kwali.

Kyamara, launi, da yawan fitilun da aka jera a saman wayar, duk ka bar su su zo daga baya. Fitila ɗaya mai haske ta isa shiga ɗaki da dare.

Ashe ba kowace ƙaramar waya ce ke kunna waƙa ba?

A'a, kuma nan ne aka fi yin asara. Akwai samfuran Nokia 105 da ba su da ramin memori ko kaɗan, rediyo kawai gare su. Waya ce mai kyau wajen kira da riƙe caji, amma ba za ka sa mata waƙa ba. Nokia 110 da Nokia 130 su ne aka yi da wurin memori da manhajar kunna waƙa. Yawancin ƙananan wayoyin Itel da Tecno suna karɓar memori, sai dai ko su ma a duba, kada a dogara da suna. Wani dattijo ya taɓa zuwa mini da sabuwar waya fil a kwalinta, ɗansa ya aiko masa daga Legas, ya ce, "Malam, zuba mini tafsirin bana." Na buɗe na duba na ce, "Baba, wannan ba ta da inda za a zuba." Ran dattijon bai yi daɗi ba, nawa ma haka.

Memori mai girman nawa ya kamata in saya?

Lissafin mai sauƙi ne. Waƙar MP3 ta yau da kullum, irin wadda aka fi turawa, tana cin kusan mega 1 a kowane minti. Waƙar minti 5 mega 5 ke nan, giga 1 kuma zai ɗauki irinta kamar 200. Memori mai giga 8 zai ba ka sauraron sama da awa 100. Waƙoƙin gargajiya na kalangu da na fada sukan yi tsawo, wata ta haura minti 20, don haka su da tafsiri sun fi cin wuri. Duk da haka izu sittin na Alƙur'ani da muryar makaranci ɗaya yakan shiga memori mai giga 4 har a samu ragowa. Ga mai ƙaramar waya, giga 8 ko 16 ya isa har ya yi yawa.

Kada ka wuce giga 32 in ƙaramar waya gare ka. Yawancinsu nan ne iyakarsu, domin memori mai giga 64 zuwa sama da wani tsari daban yake zuwa wanda ba su iya karantawa. Ka sa shi, wayar ta yi kamar ba a sa komai ba. Kuma ko mai 32 ɗin ne, in ka cika shi da dubban fayiloli wasu wayoyin sukan yi nauyi wajen buɗewa.

Wani abu da ke jawo rigima a banza: memori mai giga 8 in ka sa a waya za ka ga kamar 7.4, mai 16 ya nuna kamar 14.8, mai 32 ya nuna kamar 29.7. Wannan ba cuta ba ce, bambancin lissafin kamfani ne da na na'ura. Cutar ta gaske tana amsa ta gaba.

Yaya zan gane jabun memori?

Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci a wurina, domin ni kaina an taɓa yi mini. Na saro memori masu yawa a birni a farashin da ya yi sauƙi fiye da ƙima, an rubuta giga 32 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 32. Na zuba wa wani ango waƙoƙin biki da hotunan ɗaurin aurensa, ya tafi da murna. Kwana uku ya dawo. Waƙoƙin farko suna yi, na baya kuwa sunayensu suna nan amma da ka danna sai wayar ta ce ba za ta iya buɗewa ba, hotunan kuma sun zama baƙi. Abin da aka yi shi ne, ƙaramin memori ne aka yi wa dabara yake nuna babban adadi. Da ka zuba abin da ya wuce ainihin cikinsa, sai ragowar ya lalace. Na mayar wa kowa kuɗinsa, amma hotunan angon ba su dawo ba, har yau in na gan shi sai na tuna.

Da ido ba a cika ganewa ba, domin masu jabun suna kwaikwayon kwali da sunan manyan kamfanoni irin su SanDisk da Kingston da Samsung. Gwaji ɗaya ne ba ya ƙarya: a cika memorin har bakinsa, sannan a kunna na farko, na tsakiya, da waɗanda aka zuba daga ƙarshe. In duka sun yi, na gaske ne. Ka yi yarjejeniya da mai sayarwa tun kafin biya cewa in bai ci wannan gwajin ba za ka dawo da shi. Mai kayan gaskiya ba zai ƙi ba. In ka ga mai giga 32 a kuɗin mai giga 4, ka tuna araha ba ta ado. Gara mai giga 4 na gaske da mai 64 na bogi, kuma tun kana lissafin kuɗin waya ka ware na memori gefe guda.

Wane batir ne zai kai ni kwanaki ba tare da zuwa wurin mai caji ba?

Lambar da ke jikin batir mai ƙarewa da mAh ita ce girman tulunsa. Ƙananan wayoyi da yawa suna zuwa da kusan 1000, wasu 1900, wasu 2500. Ga mai yini a gona ko a kiwo da waƙa a kunne, mai 1900 zuwa sama ya fi. Wayar za ta ɗan yi kauri da nauyi, amma a ce naira 100 kake biyan caji, wanda ke zuwa kullum zai kashe 3,000 a wata, wanda ke zuwa sau biyu a mako bai kai 1,000 ba. Ni mai caji ne, zuwanka kullum ribata ce, amma gaskiya ita ce wannan kuɗin gara ya tafi cefane.

Ka tambaya kuma ko ana samun batirin wayar a kasuwar kusa da ku. Batir irin na tsohuwar Nokia, wanda ake rubuta wa BL-5C, kusan kowane mai tebur yana da shi, kuma wayoyi da yawa girmansa suke ɗauka. Mai irin wannan zai iya sayen na biyu, ya bar ɗaya a caji ya tafi da ɗaya. Yadda kake sauraro ma yana da tasiri: sifika a ƙure ta fi iyafis shan caji nesa ba kusa ba, bulutut a buɗe yana ci, haka wurin da sabis ba shi da ƙarfi, domin wayar tana ta faman neman sa. Batirin da ya kumbura har murfi ya ƙi rufuwa, a cire shi nan take, kada a sake sa shi a caji.

Sifika mai ƙara nake so. Yaya zan gwada ta?

Ƙara daban, daɗin sauti daban. Ka ƙure ƙarar a gaban mai shago ka saurara: in muryar mawaƙi ta fara karkarwa, ko ganga ta koma kamar ana buga gwangwani, wannan sifikar ba za ta yi nisa ba. Ka gwada da karatu ko wa'azi ma, domin a nan ne za ka ji ko kalmomi suna fita tas. Ka lura da inda sifikar take. Mai sifika a baya in ka ajiye ta rigingine a kan tabarma sautin zai toshe, sai ka kife ta. Wata maƙwabciyarmu dabara ta yi, ta ɗinka wa tata ƙaramar jaka mai huji a daidai sifikar, tana rataye ta a ƙusa a bakin madafi, tana surfe tana jin karatun littafi, hannunta bai taɓa wayar ba balle ruwa ko ƙullu ya shiga.

In taro kake son ji da shi, kamar majalisa ko wurin sussuka, kada ka matsa wa waya. Duba amsar da ke magana kan MP, wato ɗan akwatin sifika mai caji.

Rediyon waya yana kama tashoshi kamar rediyon gida?

FM kaɗai yake kamawa. Ba ya kama gajeren zango ko matsakaicin zango, saboda haka dattijon da ya saba murɗo tashoshin ƙetare kai tsaye kada ya rabu da akwatinsa. Amma tashoshin FM irin su Freedom a 99.5, Arewa a 93.1, Dala a 88.5 da Rahma a 97.3 suna shiga gwargwadon nisanka da Kano, mutanen Jigawa kuma suna da na Dutse da Sawaba ta Haɗeja. Wasu tashoshin FM ɗin suna haɗa shirye-shiryen sashen Hausa na kafofin ƙetare a lokutansu.

Wayoyi iri biyu ne a nan. Akwai wadda sai ka sa iyafis rediyon zai yi, domin igiyar ce eriyarsa. Akwai wadda eriyarta a ciki take, kunnawa kawai za ka yi. Ta biyun ta fi sauƙin sha'ani, amma a ƙauyen da ke nesa da tasha, ko ita ce in ka sa mata iyafis ka miƙe igiyar sai ka ji shuuu ɗin ya ragu. Rediyon FM ba ya cin data ko kati.

An tura mini waƙa, sunanta yana nan amma ta ƙi yi. Me ya faru?

Abu uku nake zargi. Na farko nau'in fayil. Ƙananan wayoyi MP3 suka fi sani. Saƙon murya da aka ciro daga WhatsApp, da wasu waƙoƙin da aka sauko da su daga intanet, da wani nau'in suke zuwa, sai mai turi ya juya su zuwa MP3 a kwamfuta. Na biyu turin bai kammala ba, wataƙila an zare memori ana cikin aiki ko bulutut ya yanke. Na uku jabun memori, wanda na yi bayani a sama, kuma alamarsa ita ce na baya-bayan nan ne ke lalacewa, tsofaffin suna yi.

Wani lokacin kuma lafiya lau komai yake, wayar ce ba ta sabunta jerin waƙoƙinta ba. Ka shiga wurin fayiloli ka buɗe memorin kai tsaye, ko ka kashe wayar ka kunna. In waya ta tambaye ka ko ta yi wa memori fomatin, kada ka amsa da e kafin ka kai a duba, domin fomatin share komai yake yi.

Sabuwa zan saya ko ta hannu, kuma a ina?

Ƙaramar waya sabuwa ta fi, tunda tazarar kuɗin ba ta da yawa, kuma abubuwa biyun da mai jin waƙa ya fi buƙata, batir da sifika, su ne ke fara gajiya a ta hannu. Sabuwar Itel, Tecno ko Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, tana zuwa da garantin shekara, kuma Carlcare ne ke kula da gyaransu. Garantin ba ya ɗaukar faɗuwa ko shigar ruwa. Ka ajiye rasit da kwali.

Wanda zai shiga birni, Farm Centre da titin Beirut su ne manyan wuraren waya a Kano, zaɓi ya fi yawa kuma za ka iya taya shago uku kafin ka yanke. Amma ka haɗa da kuɗin mota a lissafinka. Sau da yawa saye a hannun mai tebur da ka sani a kasuwar Wudil ran Juma'a, ko Dambatta ran Lahadi, ko Maigatari ran Alhamis ya fi kwanciyar hankali, domin mako mai zuwa za ka same shi a inda ka bar shi. In ta hannu ce dole, danna *#06# doguwar lambar shaidar wayar da ake kira IMEI ta fito, ka gwada ta da wadda ke ƙarƙashin batir ko jikin kwali. Ka sayi waya a hannun wanda aka sani, a gaban shaida, a rubuta. Wayar sata tana kai mai gaskiya ofishin 'yan sanda.

Ni dai babbar waya nake so. Wacce zan nema da kuɗi kaɗan?

Nemi mai batir 5000, mai ramin memori, mai ramin iyafis, domin wasu sababbin an fara cire musu waɗannan ramukan biyu. Ma'ajiyar cikinta kada ta gaza giga 64 in hali ya yi, don mai 32 kusan rabinta manhajojin wayar sun riga sun cinye. In an ce maka ram ɗinta, wato wurin da waya ke riƙe aikin da take kan yi, "4 da 4", na farkon ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiya kuma bai kai shi sauri ba. Jin waƙa ba ya buƙatar waya mai ƙarfi, mafi ƙanƙantar Android ma za ta yi.

Wayoyin Tecno, Itel da Infinix sukan zo da manhajar jin waƙa ta Boomplay a ciki, akwai kuma irinta Audiomack. Sauraro kai tsaye daga intanet yana cin data, kuma a ƙauye sabis yana yankewa. Ka sauko da abin da kake so lokacin da ka shiga gari ko da dare in sabis ya yi kyau, ko ka karɓa a wurin aboki ta Xender, wanda ba ya buƙatar data. Manhajar VLC kyauta ce kuma tana buɗe kusan kowane nau'in fayil, har waɗanda na ce ƙaramar waya tana ƙi.

Iyafis ko MP, wanne zan ƙara a kai?

MP, wato ɗan akwatin sifikar nan mai caji, yawancinsa yana karɓar memori da kansa, wasu har da rediyo. Mai shayi, tela, ko matan gida masu son kowa ya ji, gara su sayi waya mai araha don kira, su sa memorin a MP. Wayar ta huta, cajinta ya daɗe. In ta bulutut za ka haɗa, ka gwada a shago, domin akwai ƙananan wayoyin da bulutut ɗinsu tura fayil kawai yake yi, ba ya kai sauti ga sifika.

Iyafis mai igiya ya fi araha kuma ba ya son caji. Sai dai ina roƙon samari su ji tausayin kunnuwansu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. In na kusa da kai yana jin abin da kake ji, ko ka cire ka ji kunnenka yana ƙara, ya yi yawa, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Mai tuƙa babur kuwa kada ya toshe kunne biyu a kan titi ko kusa.

Zan iya haɗa karatun Alƙur'ani da waƙoƙi a memori ɗaya?

Hukuncin wannan na malamai ne, a tambaye su. Abin da ya shafi aikina shi ne, ƙananan wayoyi da yawa tattara duk wani sauti suke yi a jeri guda, sai ka ji sura ta ƙare kiɗa ya biyo baya, abin da ba wanda ke so. Ka ce wa mai turi ya raba su folda-folda, ya sa wa surori lamba daga 001 zuwa 114 don su jeru daidai, kai kuma ka riƙa kunnawa daga cikin foldar. Wasu memori biyu suke saye, kowane da abinsa, su naɗe ɗaya a takarda su sa a bayan murfin waya.

Iyaye kuma, in yaro ko yarinya za su kai turi, ku faɗi abin da za a zuba, in an dawo ku duba. Ba kowane mai turi ne ke tantancewa ba, wani duk abin da ke kwamfutarsa yake kwarara wa.

Yaya zan kare ta daga ƙura, zafi da ruwa?

Zafi ne babban makashin batir. Kada a bar waya a kan kwanon rufi, a gaban mota, ko a rana a bakin gona, a sa ta a inuwa ko cikin aljihu. Da hunturu ƙura takan cika ragar sifika har sauti ya dushe, sai a goge da busasshen buroshin haƙori a hankali, ban da allura ko tsinke, don suna huda sifikar. Masu walda da maƙera su lura, maganaɗisun sifika yana jan garin ƙarfe. Da damina a ƙulla ta a leda in za a shiga gona. In ta faɗa ruwa, cire batir da layi da memori nan da nan, kada a kunna don a ga ko tana yi, a bar ta ta bushe a inuwa mai iska kwana biyu sannan a kai wa mai gyara.

Memorin yakan tsira ko wayar ta mutu, amma shi ma yana da ranarsa. Kashe waya kafin ka zare shi. Abin da ba za ka sake samu ba, kamar hotunan biki, muryar wani naka da ya rasu, ko karatun malamin garinku da ka ɗauka da kanka, ka kai a kwafe maka shi a memori na biyu, ka sa a ambulan ka ajiye a akwati tare da takardun gona.